Inuwa Biyu a Huhun Mai Hoto

Wasunku masu karanta rubutuna sun rubuto wai na cika taurin kai. Na gani. Wata ma cewa ta yi da ita ce 'yata da tuni ta gudu. To ba ke ba ce. Ni ban ce ku so ni ba. Labari na ce zan ba ku.

Ga wanda bai san ni ba, Mai Hoto ake ce mini. Tun ina saurayi nake ɗaukar hoto, har waya ta zo ta kashe mana kasuwa. Matata ta rasu. 'Ya'yana maza suna nesa, sai dai a waya. A gida daga ni sai 'yata Auta, sai ƙanwata da yara ke kira Gwaggo, wadda ta zo jinya ta karɓe mulkin gidan. Tari ne ya kai ni asibiti. Suka ce ciwon daji ne a huhun hagu, ƙarami, bai je ko'ina ba. Za a yi mini gashi, wato a ƙona shi da wani haske da ido ba ya gani. Amma sai an san inda za a saita hasken, don haka sai an yi hoto na musamman.

Sai kuma Dogo. Shi ne mai neman Auta. A sashen gashin yake aiki. Ba likita ba ne, aikinsa duba hotuna da lissafin inda haske zai bi. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni ya ga tsohuwar kyamarata a kan kabad, ya zaro waya ya ɗauke ta hoto bai tambaye ni ba. Ga wando ya tsaya masa sama da idon sawu kamar wanda ruwa ya ci gidansu. Tun ranar ban taɓa ce masa ya zauna ba. Ya zo, ya durƙusa, ya gaishe ni, in ce lafiya, ya tashi.

Ranar hoton na sa farar rigata. Auta ta goge ta har tana ɗaukar ido. Na kafa hula, na fesa turare. Mutum ba ya zuwa gaban kyamara a wulaƙance. Muna shiga nas ta ce in tuɓe, ta miƙo mini wata riga mai buɗaɗɗen baya da igiya kamar ta jariri.

Na'urar kamar ƙatuwar taya ce fara, da siririn gado mai shiga cikinta. Suka kwantar da ni rigingine, hannuwa sama da kai, na riƙe wasu ƙarafa biyu. Nas ta manna mini wani ɗan akwati a kan ciki.

Na ce, "Wannan fa?"

"Shi ke gaya mana yadda cikinka ke hawa da sauka, Baba. Ka saki jikinka kawai. Ka yi numfashi yadda ka saba."

Na ce to. A raina na ce, yarinya, kafin a haifi uwarki nake wannan aiki.

Ku ji dalilina kafin ku zage ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarata ya ji magana ɗaya daga bakina: ɗaga haɓa, kada ka motsa, riƙe numfashi. Amare, sojoji, 'yan makaranta, tsofaffi masu neman hoton fasfo. Abin da ke ɓata hoto motsi ne, kuma numfashi motsi ne. Wannan ba a makaranta na koya ba, da asarar fim na koya.

Na'ura ta fara gurnani, gado ya fara tafiya da ni a hankali. Na cika ƙirji na kulle. Na ƙame kamar gunki. Hoton nan kuwa ba irin namu ba ne na ƙyas ka gama. Ya yi ta tafiya. Sai idona ya fara ganin taurari, in fizgi iska da sauri, in sake kullewa. Murya ta fito daga bango: "Baba, yi numfashi." Na yi mata guda ɗaya don ta shafa mini lafiya, na koma aikina. Layi ya yi tsawo a waje ranar, ba wanda ya tsaya ja da ni. Da na fito har na ce wa Auta, "Yau sun sami wanda ya san hoto."

Da muka koma jin sakamako babbar likita ba ta nan, sai wani ƙaramin likita mai saurin magana. Ya juyo mana da fuskar kwamfuta. Ni na san hoto, ko na ƙashi ne. Inda aka taɓa nuna mini farin tabo guda, yanzu biyu ne, ɗaya bisa ɗaya.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Likita, da ɗaya ne fa."

"Sai babbar likita ta gani, Mama."

"Idan biyun ne fa?"

Ya cire tabarau ya goge su da bakin riga. "Idan ya bazu, tsarin zai canza. Gashi kaɗai ba zai wadatar ba."

"Sai me?"

"Sai mu duba abin da zai sauƙaƙa masa."

Na san wannan kalma. Ita aka gaya mana a kan matata.

Na ɗauki hulata. Amma a matattakala na tsaya, na yi kamar ina gyara takalmi.

Kafin mu isa gida Gwaggo ta gama da waya. Gida ya cika. Mutanen da rabona da su tun jana'izar matata suka zo suna magana ƙasa-ƙasa, suna kallona da gefen ido. Wani ya ce na yi kyau. Ba a taɓa ce mini na yi kyau ba sai ranar. Falona cike yake da hotuna, bango duk firam, kuma rabin mutanen ciki sun mutu. A da idan mutum ya rasu wurina ake zuwa in ƙara wa hotonsa girma. Na san kallon da mai zaɓen irin wannan hoto yake yi. Na kama Gwaggo tana yi wa bangona shi.

Abinci ya ƙi wucewa. Idan na yi tari sai in saurara, ko zan ji na biyun yana amsawa. Na daina rufe ƙofar banɗaki da sakata, don kada in faɗi a rasa yadda za a shigo. Ban gaya wa kowa ba. Ku ne na farko.

Washegari da hantsi Gwaggo ta shigo da shayi, ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba.

"Yaya, maganar Auta."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. A ɗaura auren nan kafin wata ya ƙare."

"Da wa?"

"Da wa kuwa? Kana da wani a ajiye ne? Yaron yana da aiki, yana da ladabi. Wandon nasa ni zan sa a ƙara masa tsawo."

"Gaggawar me ake yi?"

Ta kalli kofin shayin. "Yaya, kada ka sa in faɗa."

"Faɗi."

"Ina so ka gani da idonka."

Na juya mata baya. Ta kira yayyen Auta, duk suka goyi bayanta. Babban ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, gaskiya Gwaggo ta faɗa." Na kashe wayar. Idan na ce na yarda, na yarda ke nan mutuwa zan yi. Idan na ce ban yarda ba, wataƙila in bar yarinyar nan a hannun Gwaggo. Auta kuwa tana kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Da la'asar Auta ta shigo, mayafi a karkace, ido jawur, waya a hannu.

"Baba, Dogo ya aiko da saƙo. Ya ce in nuna maka."

"Karanta."

Ta karanta: "Ki ce wa Baba kada ya karaya tukuna. Yanzu hoton ya zo teburina. Ya yi motsi. Ina roƙon ya zo gobe in nuna masa."

Na miƙe zaune. "Me ya yi?"

"Motsi, Baba."

"Hoton wa?"

"Naka."

"Ni? Ni na motsa a hoto? Ki gaya masa ko ƙudan da ya sauka a hancina ban kora ba!"

Gwaggo ta leƙo. Da ta ji zancen sai ta riƙe haɓa. "Ke Auta, wannan saurayin naki lafiyarsa ƙalau? Ana shirin miƙa masa ke a faranti, shi yana neman a sake hoto?"

Auta ta rubuta wani abu, waya ta yi ƙara, ta sake karantawa: "Na san zai ji haushi. Ya zo ya zage ni a ofis, amma ya zo."

Na je. Don in zage shi na je, kamar yadda ya ce.

Ɗakinsa a ƙasan bene yake, bayan wani dogon lungu mai warin maganin goge ƙasa. Ba taga. Fitila a rage, sai hasken fuskokin kwamfuta biyu, da fanka ƙarama, da kofin shayi da ya huce. Ban so ba, amma ɗakin ya yi mini kama da inda nake wankin hoto a da.

Ya miƙe. Farar rigar aiki ta rufe wandon. "Sannu da zuwa, Baba. Zauna."

Na zauna, don ƙafafuna ne suka nema.

Ya buɗe hoton ƙirjina ta gefe. Bai nuna tabon ba, ya ɗora bakin biro a kan ƙashi.

"Baba, ka taɓa karya haƙarƙari?"

"Ban taɓa ba."

"To a nan ka karye. Ga shi, ga shi, ga kuma nan."

Na matsa kusa. Ƙasusuwan sun tafi sumul, sai su yanke, su ci gaba a gefe, kamar matattakala. Can ƙasa, saman hantata ya rabu da sauran yana shawagi shi kaɗai a cikin huhu kamar murfin tukunya.

"Hanta ba ta tashi sama, Baba. Hoton ne ya yi ƙarya."

Ya buɗo wani layi a ɗaya fuskar. "Wannan ɗan akwatin cikinka ne ya zana shi. Na mai numfashi daidai hawa yake yi ya sauka, hawa ya sauka, kamar haƙoran zarto. Dubi naka."

Nawa ya miƙe sambal kamar hanya, sai ya faɗa rami, ya yi tsalle sama, ya sake miƙewa.

"Nan ka riƙe. Nan ka kusa shiɗewa. Nan ka sake riƙewa."

"Haka ake hoto," na ce.

"Haka ake naku. Wannan na'urar ba a tashi ɗaya take ɗauka ba. Baba, da za ka ɗauki kan mutum, ka jira, ka ɗauki wuyansa, ka jira, ka ɗauki ƙirjinsa, sannan ka haɗa su wuri guda. Lokacin ɗaukar kai yana tsaye, lokacin wuya ya ɗan durƙusa. Yaya zai fito?"

Na sake duban hoton. Ya jira.

"Da haɓa biyu," na ce.

"To. Ciwon nan ba a tsaye yake ba. Yana hawa yana sauka da numfashi, kamar kwalba a kan ruwa. Mu ba so muke mu tsayar da shi ba. So muke mu san hanyar da yake bi kullum, don hasken ya tare shi a can. Na'urar ta kama shi a sama lokacin da ka cika ƙirji, ta sake kama shi a ƙasa lokacin da ka saki."

Na kama hannun kujera.

"Ke nan ɗaya ne."

"Ban ce ba."

"Yanzu ka gama faɗa!"

"Na ce hoton ya lalace. Zai iya zama ɗaya da aka kama sau biyu. Zai iya zama biyun ne da gaske. Wannan hoton ba zai iya gaya mana ba. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba."

Da ya ce ɗaya ne, da na ce daɗin baki yake yi don Auta. Da ya ce biyu ne, da na tafi gida na kwanta. Sai ya bar ni a tsakiya, inda ya fi ko'ina tsoro.

"Na nuna wa babbar likita, ta yarda a sake. Amma sai ka yi numfashi, Baba. Idan ya sake fitowa haka, da biyun za su yi aiki."

Na dube shi sosai, karo na farko. Yana da ɗan tabo a gira.

"Ka san abin da Gwaggo ke shiryawa?"

"Auta ta gaya mini."

"To me ya kai ka tono?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan saita wuta a kan hoton da na san ya lalace ba. Ko na waye."

Ban zage shi ba. Na manta.

Ranar maimaici ban sa turare ba. Gwaggo ta biyo mu da carbi, tana ta ba ni umarni a mota.

"Yaya, numfashi ne fa kawai. Jariri ma yana yi."

"Ki yi mini shiru."

"Ka ga irinta ko? Da ka ji maganar nas tun farko..."

Auta ta ce, "Gwaggo, don Allah."

Suka kwantar da ni kamar wancan karo. Hannuwa sama, ƙarfe mai sanyi, ɗan akwati a ciki. Kowa ya fita, ƙofa mai nauyi ta rufe. Muryar Dogo ta fito daga bango.

"Baba, ba mu fara ba. Gwaji ne. Yi numfashi yadda ka saba."

Ku gwada ku gani. A ce maka ka yi numfashi yadda ka saba, ka nemi yadda ka saba ka rasa. Na ja da yawa, na saki kaɗan. Na ja kaɗan, tari ya taso, na danne shi. Gumi ya gangaro mini cikin kunne, ba hannun sharewa. Na tuna wannan gadon ne zai faɗi ko zan ga damina mai zuwa. Sai ƙirjina ya kulle da kansa, ba ni na kulle shi ba.

"Baba, ka riƙe."

"Ban riƙe ba!"

"Ina gani a nan."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na binne matata ban yi hawaye a gaban mutane ba. 'Ya'yana ba su taɓa ganin hannuna yana rawa ba. Yau ga ɗan akwati a kan cibiyata yana kai rahotona wurin yaron da ban taɓa ba wa kujera ba.

Muka sake. Ya lalace. Muka sake. Na ji nas tana cewa akwai masu jira. Na ji Dogo ya ce mata, "Ba mu minti kaɗan." Sai ƙofa ta buɗe, ya shigo, ya tsuguna daidai kunnena.

"Baba, me ke faruwa?"

Na kalli rufin ɗakin. "Kashe abin maganar nan."

"Na kashe. Ba mai ji."

"Tsoro nake ji."

Ban taɓa faɗin wannan ga ɗan Adam ba. Na jira ya ce haba Baba, ba komai, kamar yadda kowa ke cewa.

"Na sani," ya ce. "Tun wancan hoton na gani. Ba sai tsoron ya tafi ba. Na'urar ba ruwanta da tsoro. Ka ji abinka, amma ka ji shi daidai-daidai, kada ka tara shi ka sake shi gaba ɗaya."

"Yaya ake haka?"

"Akwai aikin da hannunka ya saba yi a hankali, yana zuwa yana dawowa, ba ka ma tunani?"

Na yi tunani. Akwai. A ɗakin duhu na wankin hoto, idan ka sa farar takarda a tiren ruwan magani, ba a barin ta kwance. Ɗaga gefen tiren ake yi kaɗan, ruwa ya tafi can, a sauke, ruwa ya dawo. Idan ka yi gaggawa hoto ya yi dabbare-dabbare. Idan ka tsaya ya ƙone a gefe guda. Na gaya masa a taƙaice.

"Shi ke nan. Ni zan riƙa cewa ɗaga, sauke. Kai ka riƙe tiren."

Ya fita. Ƙofa ta rufe. Na rufe ido na nemo jar fitilar ɗakin duhu.

"Ɗaga, Baba."

Ruwa ya tafi.

"Sauke."

Ruwa ya dawo.

Muryarsa ba ta sauri, ba ta lallashi. Na'ura ta fara gurnani, gado ya motsa, cikina ya so ya ƙulle. "Sauke," ya ce, kamar ya gani, kuma ya gani ɗin. Na sauke. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba, yana kwance a cikin tiren yana tafiya yana dawowa tare da ruwan. Na ji warin maganin a hancina. Na ga takarda ta fara yin toka-toka a tsakiya, yadda take yi kafin fuska ta fito. Ban bari na ga ko fuskar wa ce ba. Na dai riƙe tiren.

"An gama, Baba."

Da nas ta zo sauke mini hannuwa sai da ta ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen.

Suka ce mu jira. Muka zauna a kan benci a lungun, ni da rigar jariri har yanzu, Auta rungume da farar rigata, Gwaggo tana jan carbi kamar za ta tsinka shi. Wani tsoho da aka yi wa zane da shuɗin alƙalami a wuya, inda haske zai bi, ya ce mini, "Sabon shiga ne?" Na ce eh. Ya ce, "Za ka saba." Ban so in saba ba. Duk takun da na ji sai in ɗaga kai.

Babbar likita ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan murmushi. Irin mutanen da nake yarda da su. Ta juyo da fuskar kwamfuta.

Ƙasusuwan na fara dubawa. Sumul, ba matattakala. Hanta ta koma mazauninta. Sannan na ɗaga ido.

Ɗaya.

Ta danna wani abu, hoton ya fara motsi. Ƙirjina yana buɗewa yana rufewa, farin tabon yana hawa yana sauka a hanyarsa, shi kaɗai.

"Ɗaya ne, Baba. Bai bazu ba. Za mu yi gashin."

Na ce alhamdu lillahi a ciki. Daga lungu na jiyo Gwaggo ta rangaɗa salati, wato nas ta kai musu labari.

Likita ta ce, "Saura abu biyu. Na farko, dubi nan. Tabon maƙwabcin zuciya ne. Gashin ba na rana ɗaya ba ne, makonni za ka yi kana zuwa. Na'urar za ta saki haske ne kawai idan numfashinka ya zo daidai inda muka auna yau. Idan ka koma irin na farko, dole mu faɗaɗa hasken, ya ci wurin da ba ma so ya ci. Kullum irin na yau nake so."

"Zan yi. Yaron nan ya iya faɗa."

"Shi ne abu na biyu. Ba shi zai tsaya maka ba."

Na ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashina.

"Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Da bakinsa ya zo ya gaya mini yana neman 'yarka. A nan ba ma barin ma'aikaci ya yi aiki a kan nasa, suruki ko ɗan'uwa. Hannu yakan yi rawa. Yau na ƙyale shi don shi ya gano matsalar. Daga yanzu wata za ta karɓa, ta ƙware sosai."

"Ba ta san tiren ba."

"Wane tire?"

Na gwada a nan kan kujera. Ɗaga. Sauke. Ba jar fitila, ba ruwa. Sai zuciyar nan da aka ce wuta za ta bi ta gefenta, tana dukan haƙarƙarina. Na ga kaina a gadon, ƙofa a rufe, baƙuwar murya tana cewa saki jikinka, ƙirjina yana kullewa, haske yana faɗaɗa.

Ku da kuke cewa na cika taurin kai, ga abin da tsoro ya sa na faɗa. Ban shirya shi ba, fitowa ya yi.

"Likita. Idan ba surukina ba ne fa?"

"Ban gane ba."

"Idan na hana shi 'yata. Na ce kada ya sake taka gidana. Ya zama ba kowa ba ne a wurina. Zai iya tsaya mini?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan idonta ya wuce ni, ya tsaya a bayana.

Na juya. Auta ce a bakin ƙofa. Ta zo da gudu ne, ga alama, don mayafinta ya zame, kuma dariyar murna ba ta gama barin fuskarta ba. A gabana ta gama barinta. Bayanta kaɗan Dogo ne, riƙe da fayil.

Auta ta tako a hankali, ta warware farar rigar, ta ɗora mini a kafaɗa, ta gyara wuyan kamar yadda take yi kullum. Hannunta sanyi ƙalau.

"Sa rigarka, Baba," ta ce. "Bayanka a buɗe yake."

Ba ta dube ni ba. A mota ma ba ta dube ni ba. Gwaggo tana ta zuba, wai yanzu sai a yi biki a natse, a gayyaci kowa, ba wanda ya tanka mata.

Na san abin da ya kamata in ce. Kalma ce gajera, na janye. Tana bakina tun daga asibiti har gida. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna ƙofar nan mai nauyi tana rufewa.

Ban janye ba. Har yanzu da nake rubuta muku, ban janye ba.